Hannun da ya saba da Jincheng

Ɓarnar farko da aka yi wa babban babur ɗina a Katsina, ni na yi ta da hannuna, wata Asabar da hantsi, a ƙofar gidanmu da ke wajen Ƙofar Ƙaura. Juyen baƙin mai ne kawai, aikin da na yi ya fi a ƙirga a kan Jincheng ɗin da na shekara goma sha ɗaya ina hawa. Na kwance notin ƙasa, mai ya tsiyaye, na mayar, na ɗaure. Da ya tsaya sai zuciya ta ce in ƙara masa kaɗan kada ya yi yoyo a hanya, na sa ƙafa na taka sufanar yadda nake ganin yaran gareji suna yi. Nan take na ji notin ya saki, yana ta juyawa ba ya kama komai. Gabana ya faɗi. Notin ƙarfe ne, jikin injin kuwa alminiyam, ƙarfe ya cinye zaren ya fito da shi a nannaɗe kamar gashin soso.

Babur ɗin Honda Transalp 650 ne, ƙirar 2003, ɗan Kwatano, na saya a Kano a 2019. Aikina a Katsina yake, mahaifiyata tana Daura, kilomita kamar 80 tsakani, kuma tun ina saurayi nake sha'awar mashin ɗin da mutum zai ɗaure jakarsa a baya ya kama hanyar Jos ko Damagaram ba tare da bayansa ya ƙage ba. Silinda biyu gare shi, da lagireto kamar mota, kuma idan tanki ya cika nauyinsa ya haura kilo 200. Kanikawanmu na babura gwanaye ne a kan Boxer da Jincheng da Keke Napep, ko ido rufe za su warware maka injin su haɗa. Irin wannan kuwa da yawansu ba su taɓa buɗewa ba, kuma ba laifinsu ba ne, ba ya zuwa musu. Shi ya sa na ce zan riƙa yin abina da kaina. Abin da ban lura ba shi ne, ni ma hannun Jincheng gare ni.

Akwai wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon bakaniken manyan motoci da ya ajiye aiki. Shi na kira. Ya durƙusa da ƙyar, ya shafa bakin ramin da ɗan yatsa, ya ɗauki 'yar woshar da na yar a ƙasa ya nuna mini.

"Malam, wagga ita ka hana yoyo. In ta taushe sau guda, canza ta akai. Kai kuwa ka bar tsohuwa, ka ce ƙarfinka zai yi aikinta."

Na ce, "Baba, yanzu mene ne abin yi?"

Ya ce kada in bari kowa ya kawo maganar walda ko gam. Sai da aka huda ramin aka dasa masa sabon zare na ƙarfe, babur ya yi kwana tara a zaure, ni kuma na koma hawa motar haya zuwa Daura.

Daga nan na nemi littafin gyaran da kamfanin ya rubuta wa kanikawansa, na sauke daga intanet, na kai shago aka buga mini aka ɗinke. Da na fara karantawa kunya ta kama ni. Kusan kowane noti a jikin babur ɗin yana da adadin ƙarfin da za a ɗaure shi da shi, a rubuce da lamba. Na sa aka kawo mini sufana mai awo daga Legas, wadda kake saita ta a kan lambar, idan ka kai ta ce ƙas, ka tsaya. Ranar da na fara amfani da ita na yi ta mamakin yadda take saurin cewa ƙas. Wato shekara da shekaru ina shaƙe notuna ina ganin ƙwazo nake yi.

Sukurori ma sun koya mini nasu karatun. Na lalata kawunan guda uku a murfin kafireto, ina zagin wanda ya ɗaure su a Turai, kafin in gane cewa sukurun baburan Japan ba irin wanda muka saba da shi ba ne, ko da yake ido ba ya bambance su. Nasu tsarin JIS ake kiransa, sau da yawa za ka ga ɗan ɗigo a gefen gicciyen da ke kan sukurun. Sukudireban da muke saya a kasuwa yakan zame ya fito idan ka matsa, ya cinye kan. Na JIS kuwa zama yake daram. Guda biyu na saya, kuma ba na ba da aronsu, ko ɗan'uwana ne.

Aikin da na fi jin daɗi shi ne saitin bawul, wataƙila don shi ne ya fi ba ni tsoro da farko. Kowace silinda bawul uku gare ta, biyu na shigar mai da iska, ɗaya na fitar hayaƙi. Tazarar da ake bari a na shiga milimita 0.15 ce, na fita 0.20, ana aunawa da wasu siraran ƙarafa masu kama da reza. Littafin ya ce sai injin ya huce, zafinsa ya yi ƙasa da digiri 35. Na karanta wannan layin a watan Afrilu, na yi dariya ni kaɗai, domin a bazarar Katsina ko babur ya kwana uku ba a tayar ba, da azahar ƙarfensa ya wuce haka. Saboda haka nakan cire tanki da robobin jiki tun da dare, in dawo daga sallar asuba in zauna da fitilar goshi. Gari shiru, sai carar zakaru da ƙarar masu ɗiban ruwa. Ka zura ƙarfen awon, ka ja, ya fito da ɗan nauyi kamar kana zare takarda daga ƙarƙashin littafi. Ka riƙe sukurun saiti, ka ɗaure notinsa, ka sake aunawa, don ɗaurewar kan motsa shi. Da can idan na ji injin yana ɗan ƙas-ƙas sai hankalina ya tashi, in so in matse. Ashe bawul ɗin da ya yi shiru sarai shi ne abin tsoro: idan tazara ta ƙare, ba ya rufuwa sosai, zafi ya ƙone shi.

Notunan da na kwance kuwa a kiret ɗin ƙwai nake jera su, rami-rami bisa tsarin da suka fito, ina ɗaukar hoto da waya a kowane mataki. Uwargida ta gaji da nema, yanzu ta ware mini kiret biyu.

Sauran abubuwan ba su da dogon labari. Matatar iska lokacin hunturu ba na jiran kilomitar da littafi ya faɗa, domin wanda ya rubuta shi bai san ƙurar Disamba a hanyar Mashi ba. Dubawa nake yi kowane mako biyu. Baƙin mai sai mai alamar JASO MA a jikin galan, saboda kulocin babur a cikin man injin yake wanka, wasu mayukan mota kuma santsinsu kan sa ya riƙa zamewa. Ruwan rijiya ba ya shiga lagiretona. Man birki DOT 4, duk shekara biyu, don yana shan danshi. Taya kuma, kafin in tambayi kuɗi sai na karanta lambobi huɗun da ke gefenta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. An taɓa kawo mini wata mai zane raɗau, na duba na ga 2314, wato mako na 23 a 2014. Na ce a mayar.

Wutar lantarki ce ta ci mini kuɗi a banza. Wata Lahadi ina dawowa daga Daura bayan la'asar, na tsaya a Shargalle in sha ruwa. Na dawo na danna sitata, sai ƙit, ƙit. Babur ɗin ba shi da kik. Kafin ka ce kwabo an kewaye ni, kowa da fatawarsa, wannan ya ce filogi, wancan ya ce mai ne ba ya sauka. Rana tana yin ƙasa, kuma a shekarun nan ba wanda yake so magariba ta same shi a hanya. Samari huɗu suka tura ni, na saka giya ta biyu, ya tashi, Allah ya saka musu da alheri. Washegari na yanke hukunci da ka: batir ne. Na sayi sabo mai tsada. Mako biyu shi ma ya kwanta.

Sai a lokacin na ɗauko 'yar mitar awon wuta da ke cikin akwatina tun tuni. Lafiyayyen batir idan injin yana kashe yakan nuna wajen bolt 12.6, idan an tayar an ɗan ja totur ya hau zuwa 14 ko kusa da haka. Nawa kuwa injin yana aiki amma 12.2 yake nunawa, wato babu abin da ke shiga. Na bi wayoyi uku masu ruwan ɗorawa da suka fito daga kwayil mai samar da wuta zuwa rektifaya, wato na'urar da ke daidaita wutar kafin ta shiga batir, na tarar da soket ɗin da ya haɗa su ya narke ya yi baƙi, yana warin ƙonanniyar roba. Na yanke shi, na haɗa wayoyin da dalma, na rufe. Awo ya koma 14.1. Aikin bai kai awa ɗaya ba, tsohon batirin ma da aka yi masa caji lafiyarsa lau, yana nan yana ba mu wuta a fitilar tsakar gida.

Sai maganar cen, wadda har yau ban gama da ita ba, don ba ni kaɗai ke taɓa ta ba. A wurinmu, sarƙar da ta ɗaure tam kamar tsirkiya ita ce alamar mai babur yana kula da abinsa. A Transalp kuwa littafi ya ce a bar mata wasa na milimita 35 zuwa 45 a tsakiya. Dalili a fili yake idan ka tsuguna ka kalla: ƙafar baya tana da doguwar tafiya sama da ƙasa, kuma duk lokacin da ta yi sama, ko don kaya ko don rami, sarƙar ƙara miƙewa take. Idan ka ɗaure ta tun babur yana tsaye ba kowa a kai, to da ka hau da jaka ka faɗa rami, duk jan yana komawa kan sandar da ta fito daga giya, wadda ƙaramin sufuroket, wato faifan ƙarfe mai haƙora da ke jan sarƙar, yake zaune a kanta. Haƙoran sandar nan idan suka cinye, sai an sauke injin an raba shi biyu.

Na yi faci a hanyar Kano, mai facin ya mayar da taya, don kyautatawa ya ɗaure mini sarƙar har da murmushi. Ban duba ba. Bayan wata guda na cire murfin sufuroket don wanki, na ga wani jan gari kamar na bulo a kewaye da sandar. Tsatsar gogayya ce, ƙarfe yana cin ƙarfe. Na ciro sufuroket ɗin hannuna yana rawa. Haƙoran sun fara ɗan sheƙi a gefe ɗaya amma ba su tafi ba. Na wanke, na shafa giris, na sa sabon sufuroket na asali, na sassauta sarƙar da ruler ɗin ɗana na makaranta. Tun daga ranar, duk inda zan yi faci ni nake cire tayata in miƙa, in karɓa in mayar. Wankinta kuma da kananzir, ba fetur ba, domin akwai 'yan zobban roba a tsakanin gaɓoɓinta da ke riƙe maiƙo, fetur yana busar da su.

Jiya ma a shataletalen da ke kusa da Ƙofar Ƙwaya wani ɗan kabu-kabu ya matso kusa da ni, ya leƙa ƙasa, ya ɗaga murya don in ji.

"Alhaji, cen ɗinka ya saki fa! Ka tsaya a ɗaure maka."

Na ɗaga masa hannu na ce na gode ƙwarai, na ja totur na wuce.