Godiya ga waɗanda suka riƙe hannun ƙanenmu a tafiyarsa zuwa Faris

Assalamu alaikum. Ƙanenmu da ya kammala digiri bana ya je Faris, babban birnin Faransa, ya dawo lafiya, da ɗan guzurin da bai kai ya kawo ba. Alhamdu lillahi. A madadin iyayenmu muke miƙa wannan godiya.

Malaminsa na jami'a ne ya zauna da shi a kan takardun biza, ɗaya bayan ɗaya. Kuɗin bizar Schengen, wadda ake shiga Faransa da wasu ƙasashen Turai da ita, Yuro 90 ne tun Yunin 2024, kuma ba a mayarwa idan an hana. Inshorar lafiya dole ta kai Yuro 30,000, fasfo kuma ya rage masa aƙalla wata uku bayan ranar dawowa. Inda sabon mai digiri ya fi tuntuɓe shi ne hujjar cewa zai dawo gida, tunda bai da aiki tukuna. Malam ya hana a zuba masa kuɗi a asusu dare ɗaya, domin masu duba takardu suna lura da hakan, aka haɗa wasiƙar mai ɗaukar nauyi da bayanan bankinsa na watanni. Allah ya ƙara wa Malam daraja.

Sai ɗan'uwanmu ɗan Maraɗi mazaunin can, wanda ya yi bayanin katin Navigo na mako, na hawa jiragen ƙasa da bas a Faris, tun kafin a yanki tikitin jirgi. Katin yana aiki ne daga Litinin zuwa Lahadi, ba daga ranar da ka saya ba. Wanda ya sauka Juma'a, na mako mai zuwa za a sayar masa. Saboda haka aka sa tafiyar a farkon mako, katin ya ɗauke har kuɗin jirgin ƙasa na RER B daga filin jirgin Charles de Gaulle. Ana manna masa ƙaramin hoto a rubuta suna, in babu su masu bincike za su ci tara.

Hajiyarmu mai shago a unguwar Château Rouge, kan layin jirgin ƙarƙashin ƙasa (metro) na 4, mun gode. Ita ta nuna masa mahautan halal na kasuwar Dejean, ta kuma faɗa masa cewa ruwan famfo a gidan abinci kyauta ne, kada ya sayi na gora. Ita ce ta kwatanta masa Babban Masallacin Faris, wanda aka buɗe a 1926, kusa da tashar Place Monge. Nan ya yi Juma'a.

Ɗaliban da suka ba shi masauki sun gyara masa wata fahimta da ke cin kuɗin baƙi: shiga gidan tarihi na Louvre kyauta ga 'yan ƙasa da shekara 26 na mazauna Turai ne, bai shafi mai bizar ziyara ba. Louvre a rufe yake ranar Talata, gidan tarihi na Orsay kuma Litinin. Cocin Notre-Dame, da aka sake buɗewa a Disambar 2024, ba a biyan ko sisi. Sun kuma ja masa kunne a kan masu ɗaura wa mutum zare a hannu a gindin cocin Sacré-Cœur, da masu miƙo takarda wai a sa hannu, alhali ido na kan aljihu.

'Yan'uwa da abokan arziki da suka yi karo-karon kuɗin jirgi, da iyaye mata da suka riƙa yi masa addu'a, Allah ya saka muku da mafificin alheri, ya raya muku zuri'a. Amin.