Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Shayin Malam Tafinta

Assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya a inda aka raba mana aiki bayan saukarmu Mogadishu a 1993. Ni babbar mota aka damƙa min, aikina jigilar ruwa da buhunan abinci daga tashar jiragen ruwa zuwa hedkwatar rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka kafa a tsohon ofishin jakadancin Amurka. Har yau idan na ce wa yara na je Somaliya, tambayar farko ita ce ko na ga Janar Aidid. Ina kofur direba zai ga Aidid, mutumin da Amurka da jiragenta suka shafe watanni suna farauta ba su same shi ba? Sunansa dai mun sha shi safe da yamma, a bakin ogogi, a rediyo, a bakin yaran da ke bin motocinmu da gudu.

Garin a rabe muka same shi. Arewa ta Ali Mahdi Muhammad ce, ɗan kasuwa mai otal, wanda aka naɗa shugaban riƙon ƙwarya a 1991. Kudu, inda filin jirgin sama da kasuwar Bakara suke, ta Janar Muhammad Farah Aidid ce. Ƙungiyar 'yan tawaye ɗaya suka fito, USC, kuma dukansu 'yan ƙabilar Hawiye ne, sai dai Ali Mahdi dangin Abgal, Aidid dangin Habar Gidir. Tare suka fatattaki shugaban mulkin soja Siyad Barre a Janairun 1991, shekara ba ta ƙare ba suka juya wa juna bakin igwa. Daga Nuwamban 1991 zuwa Maris na 1992 suka yi ta ruwan wuta a tsakiyar birnin. Fararen benaye na zamanin Italiya duk sun zama kango, ba ƙofa ba taga, har wayar lantarki an tone an sayar.

Kowane ayari ana haɗa shi da tafinta. Namu wani dattijo ne dogo siriri, gemunsa ja da lalle irin na dattawan can, tsohon malamin makaranta. Yana jin Italiyanci da Turanci da Larabci. Ni da shi mukan haɗa Turancin bariki da ɗan Larabcin da na tsinta a zauren malaminmu, magana ta tafi. Ina ce masa Malam, shi yana ce min adeer, yadda manyansu ke kiran ɗan ɗan'uwa. A gaban motata yake zama da fulas ɗinsa na shayi mai kanumfari da citta da madarar raƙumi, kuma in ana jiran izinin tashi, wanda wani lokaci yakan cinye rabin yini, sai ya zuba min a murfin fulas ɗin ya ce in sha kafin ya huce.

Ranar 5 ga Yuni aka kashe sojojin Pakistan 24, ranar da aka je binciken makamai a gidan rediyon da ke hannun Aidid. Mako guda bayan haka, a daren da zai waye 12 ga Yuni, jiragen Amurka suka fara luguden wuta a kan gidan rediyon da rumbunan makamansa. Ku dubi ranar da kyau. Mu muna kwance cikin buhunan yashi ƙasa na girgiza, a gida kuma gari na wayewa mutane suka fita layin zaɓen Abiola da Tofa. Ina da ƙaramar rediyo da nake kamo Sashen Hausa na BBC da ita idan na ja eriyarta na jingina da ƙarfen mota. A nan muka ji an dakatar da bayyana sakamako, a nan muka ji ranar 23 ga wata an soke zaɓen baki ɗaya.

Washegari Malam ya ga fuskata ya ce, "Adeer, an yi rasuwa ne a gida?"

Na ce, "A'a Malam, zaɓe aka soke."

Ya yi shiru yana juya shayinsa, sannan ya tambaye ni shekarata nawa a 1967. Na ce lokacin ina yaro, ban fi ɗaukar allo ba. Ya ce shi a lokacin ya fara koyarwa, kuma abin da ya gani a watan Yunin shekarar ba zai manta ba. Shugabansu na farko, Adan Abdulle Usman, wanda kowa ke kira Adan Adde, shi ke kan mulki tun 1 ga Yulin 1960, ranar da yankin da Italiya ta riƙe da wanda Ingila ta riƙe suka haɗe suka zama ƙasa ɗaya. A tsarinsu majalisa ce ke zaɓen shugaba. Aka kaɗa ƙuri'a a asirce, Abdirashid Ali Sharmarke ya kayar da shi, mutumin da a da shi ne firaministansa. Sojoji suna hannun Adan Adde, 'yan sanda suna hannunsa. Ya miƙa mulki, ya tattara ya koma gonarsa a Janale, can gefen kogin Shabelle. Ana yawan cewa shi ne shugaba na farko a Afirka mai 'yanci da ya faɗi zaɓe ya sauka da ƙafarsa. Malam ya ce, "Ku da kuka zo koya mana zaman lafiya, a wannan watan me kuke yi?" Ban ce komai ba, domin ko wata guda ba a yi ba bayan nan muka faɗa yaƙin basasa.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne, lokacin da muke wannan hira tsohon yana raye. Siyad Barre ya tsare shi bayan juyin mulkin 1969, ya sake shi a 1973, ya koma nomansa. A 1990, da ya ga ƙasar na gangarawa rami, yana cikin dattawa sama da ɗari da suka sa hannu a takardar gargaɗi ga gwamnati, ba a saurare su ba. Mu kuwa a duk bayanan da aka yi mana kafin tasowa da bayan sauka, an zana mana sunayen masu bindiga da unguwannin da kowanne ke riƙe da su, amma ko sau ɗaya ban ji sunan Adan Adde a bakin wani oga ba. A gaban mota na ji shi. Ya rasu a Nairobi a 2007, kuma filin jirgin da muka sauka a cikinsa yanzu sunansa yake ɗauke da shi.

Kada ku ɗauka Malam yana wanke 'yan siyasar wancan zamani. Ya ce su suka shimfiɗa wa soja tabarma. A zaɓen Maris na 1969 jam'iyyu sama da 60 suka shiga takarar kujeru 123, kusan kowane dangi da tasa. Ana gama zaɓe duk 'yan adawa suka tsallaka ɓangaren gwamnatin Firaminista Muhammad Ibrahim Egal don neman muƙami, aka bar mutum ɗaya tilo, tsohon Firaminista Abdirizak Haji Husaini. Ranar 15 ga Oktoba wani ɗan sanda ya harbe Shugaba Sharmarke a Las Anod. Ranar 21 ga wata, ana cikin cinikin wanda zai gaje shi, Manjo Janar Muhammad Siyad Barre ya fito da tankoki.

"Mun yi tafi, adeer," in ji Malam. "Har da ni."

Kuma bai ɓoye dalilin tafin ba. Har zuwa lokacin harshensu ba shi da rubutun da aka amince da shi. Ana ta gardama tsakanin masu son haruffan Larabci, da masu son na boko, da masu son wani rubutu na gida da ake kira Usmaniya. Takardun gwamnati da Italiyanci da Turanci ake yin su, makiyayi ba ya iya karanta sammacin da aka kawo masa. A 1972 Siyad ya yanke magana da ƙarfin soja: haruffan boko. A 1974 aka rufe makarantun birni aka watsa ɗalibai da malamai cikin daji su koyar da makiyaya. Malam yana cikinsu. Ya ce allo yake ratayawa a jikin ƙaya, in aka tashi da raƙuma ya naɗe kayansa ya bi su. Idan yana wannan labari har muryarsa takan canja.

Daga nan sai ya ƙirga min sauran da yatsunsa. Malamai goma da aka harbe a Janairun 1975 saboda sun yi wa'azi a kan sabuwar dokar iyali da ta taɓa rabon gado. Yaƙin Ogaden da Habasha a 1977 da 1978, inda Tarayyar Sobiyet, wadda ta horar da sojojinsu ta ba su makamai, ta juya ta koma bayan Habasha, aka kawo sojojin Kuba aka kore su. Bayan wannan kaye Siyad ya daina yarda da kowa sai danginsa. A 1988 jiragen yaƙin ƙasar suna tashi daga filin jirgin Hargeisa suna jefa bam a kan Hargeisa ɗin kanta. Ya kai nan sai ya dube ni ya ce, "To yanzu yana ina?"

Na san amsar, kowa a cikinmu ya sani. Tun 1992 Siyad Barre yana Legas, bayan ya gwada komowa Mogadishu da yaƙi an kore shi ya tsallaka Kenya, Kenya kuma ta ƙi riƙe shi.

"Shi yana garinku yana barci a kan katifa, kai kana garinsa kana barci a kan yashi," in ji Malam. Ya faɗa ne ba da fushi ba, har da 'yar dariya. Ni a ganina har gobe, ba shi masaukin ba laifi ba ne, don da ya zauna a kan iyaka da yaƙin Gedo, yankin danginsa, bai lafa ba. Amma ranar ban iya faɗa wa Malam haka ba, mutumin da gidansa ya zama kango. A Legas ɗin Siyad ya rasu ranar 2 ga Janairun 1995, aka ɗauki gawarsa zuwa garin Garbaharey da ke yankin Gedo.

Game da Aidid kuwa, Malam yana taka-tsantsan, domin a yankinsa muke yawo kuma bango ma yana da kunne. Abin da ya yarda ya faɗa shi ne kada mu raina shi. Hafsa ne da ya yi karatun soja a Italiya da Mosko, Siyad ya ɗaure shi kusan shekara shida, ya fito ya yi yaƙin Ogaden, daga baya aka tura shi jakada Indiya don a nesanta shi. Da Admiral Jonathan Howe, wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya, ya sa ladan dala 25,000 a kansa, aka watso takardu daga jirgi mai saukar ungulu, Malam ya tsinci ɗaya ya karanta ya ninke ta ya sa a aljihu. Ya ce Habar Gidir da yawa sun gaji da Aidid, amma daga yau babu mai iya furta haka a gaban jama'a.

Ranar 12 ga Yuli maganarsa ta tabbata. Jirage suka yi wa wani gida da ake kira gidan Abdi ruwan makamai ana tsakiyar taron manyan Habar Gidir, cikinsu har da dattawan da ake cewa sulhu suka zo nema. Ƙungiyar Red Cross ta ƙirga gawa 54. Jama'ar da suka fusata suka kashe 'yan jarida huɗu da suka je ɗaukar hoto. Kafin wannan rana mu 'yan Najeriya muna da ɗan sauƙi. Idan na tsaya a shataletalen K4 na yi sallama, ko suka ga tasbaha a rataye a madubin mota, sai fuska ta saki, wani ma ya miƙo ayaba. Bayanta hular shuɗiya kawai suke gani. Yaran da ke ɗaga mana hannu suka koma jifa, matan da ke sayar mana da shayi a bakin ƙofa suka daina zuwa.

A cikin wannan yanayi aka tura mu rakiyar kaya ta hanyar Afgoye. Mun yi nisa kaɗan da gari sai Malam ya nuna min wani fili cike da bukkokin tsumma da leda, ya ce wannan gonar Dakta Hawa Abdi ce. Likitar mata ce, a Kiev ta yi karatu, ta buɗe ɗan asibitin ɗaki ɗaya a filin gidansu a 1983 don matan karkara su samu wurin haihuwa. Da yaƙi ya ɓarke mutane suka yi ta kwarara wurinta, ba ta kori kowa ba. Dokokinta biyu ne: ba a maganar dangi a cikin filinta, kuma namiji ba ya dukan matarsa. A ƙasar da tambayar "kai ɗan wane gida ne" ke iya zama ajalin mutum a shingen hanya, mace ɗaya ba bindiga ta hana a yi ta. Daga baya mutanen da ke zaune a wurin sun kai kusan 90,000. Ba mu tsaya ba, ba a ba mu izini ba. Ta gilashi na ga wurin, ina riƙe da sitiyari ina lura da gefen hanya.

Agusta ya zo da nakiyoyin da ake binnewa a hanya, ranar 8 ga wata ɗaya ta tashi da sojojin Amurka huɗu. Muka fara jera buhunan yashi a ƙasan mota, ƙarƙashin ƙafafunmu. Malam ya fara makara, wata rana ma ba ya zuwa, in ya zo ba ya kawo fulas. Ya ce a unguwarsu an fara rubuta sunayen masu yi wa Majalisar Ɗinkin Duniya aiki. A gida Babangida ya sauka ya bar wa Shonekan, mu kuma aka sanar da mu cewa sojojin Italiya za su bar shingayensu na arewacin gari, kuma 'yan Najeriya ne za su karɓi wanda ke kusa da tsohon kamfanin taliya, a hanyar Balad.

Ranar Asabar da yamma Malam ya same ni ina duba mai da ruwan mota. Ya ja ni gefe ya ce, "Adeer, an zauna da dattawan unguwar kafin ku je?" Na ce ni direba ne, ban san abin da manya suka shirya ba. Ya ce to gobe in an ce a tashi, in yi alwala tukuna.

Gobe ɗin ita ce Lahadi, 5 ga Satumban 1993, ranar da muka rasa 'yan uwanmu bakwai aka kuma tafi da ɗaya da ransa. Yadda ta kasance, da inda nake lokacin da harbi ya fara, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.