Diddigen Ummi

Ranar Alhamis ba na hawa kwalta da yara. Duk wanda ya san hanyar Gumel zuwa Maigatari ya san dalili: ranar kasuwa ce, tireloli na tahowa maƙare da shanu, iskarsu kaɗai ta isa ta watsa mai keke gefen hanya. Sai mu bi burtali, ko da yashi zai sa in sauka in tura. Da wannan nake taƙama wai ni mai kiyayewa ne.

Kekena Phoenix ne, Baffa ya bar mini da gwiwa ta fara damunsa. Sani a kan ƙarfen gaba, Ummi a kariya, haka muke zuwa gona da Islamiyya.

Ashe ba mota ce za ta yi mana ba. Bara da kaka, muna dawowa daga roron gyaɗa, ko babur babu a hanyar, gyangyaɗi ya kwashe Ummi, ƙafarta ta zame cikin sifok. Kafin in ja birki diddige ya saɓule. Sati uku muna jelen wankin ciwo a asibitin sha-ka-tafi.

Duk mai zuwa dubiya maganarsa ɗaya: tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ban musa ba. Baffa kuwa cewa ya yi mu bakwai ya goya a keken nan, ga mu duk da ranmu. Uwar Ummi ba ta tanka ba, surukinta ne. Sai da dare ta ce, "Malam, tabon da ke diddigenka na hagu, a ina ka samo shi?"

Wallahi na manta da shi.

Washegari na kai wa mai faci tsohuwar jarka, ya tsaga ta biyu, ya ɗaure kowane ɓari da waya a gefen tayar baya, ya ƙara sandar ɗora ƙafa. Hular kwano kam ban ma tayar da zancenta ba, a garin da ɗan acaɓa bai sa ba wa zai sa wa yaro a keke?

'Yan majalisar bakin masallaci sun ce keken Malam ya ɗaura zane. Har yau da sunan suke kiransa. Ummi dai sai da ta yi wata biyu kafin ta yarda ta sake hawa, kuma yanzu hira nake janta da ita tun daga gona har ƙofar gida, kada barci ya sace ta.