Awa goma sha ɗaya a jirgin ƙasa, babu netwok

Tafiyar dare ce, awa goma sha ɗaya idan jirgin bai yi latti ba, kuma ya yi. Na shigo da shirina tsaf, waya cike da caji, fawa bank, iyafis, data ma na loda isasshe, niyyata in jingina da taga in bar manhajar waƙa ta ja ni har gari ya waye. Abin da ban yi ba shi ne sauke ko waƙa ɗaya, don rabon da in ajiye waƙa a waya na fi shekara biyar, dannawa kawai nake ta zo.

Ko awa biyu ba mu yi ba netwok ya fara wasa, sanda uku, sanda ɗaya, can sai ya ɗauke ɗif. Waƙar ta tsaya a tsakiyar baiti, ɗan zoben nan na ta juyawa a fuskar waya kamar zai yi wani abu.

Dattijon da ke kusa da ni ya leƙo ta saman gilashinsa. "Yaro, wayar ta mutu ne?" Na ce a'a Baba, netwok ne babu. Ya ce "to ai ta mutu kenan." Sai ya zaro wata 'yar rediyo daga jaka, ba ta fi tafin hannu ba, murfin batirin ma da roba aka ɗaure shi, ya zare eriya ya manna ta da gilashin taga don ƙarfen jirgin na tare sigina. Ashe tsohon injiniyan gidan rediyo ne, a ɗakin watsa shirye-shirye ya ƙare aikinsa. Yana murɗa madannin a hankali yana min bayanin cewa da dare gajeren zango na dukan wani sashe na sararin sama ya dawo ƙasa, shi ya sa tashar da ke wata nahiya take faɗowa kunnenka. Shuuu, ƙara, wani na karanta labarai da harshen da ban sani ba, shuuu kuma, sai ga muryar wata mata.

Wallahi ban san yadda zan kwatanta ba. Kayan kiɗa ɗaya ne mai tsirkiya, sai ita, muryar na zuwa tana komawa kamar iska ke kaɗa ta, ni da Baba babu wanda ya gane ko kalma ɗaya. Hannuna ya kai kan Shazam, manhajar da ke sauraron waƙa ta faɗa maka sunanta, kafin in tuna halin da ake ciki. Baba ya yi dariya har da tari, ya ce ka saurara mana, sai ka san sunanta za ta yi maka daɗi?

Nan fa na ba shi labarin abin da ya daɗe yana cina. Watannin baya na nemi manhajar da nake amfani da ita ta turo min bayanan da ta tara a kaina, tun da dokar kare bayanai ta Turai ta fara aiki a 2018 manyan kamfanonin suka sa wannan maɓallin. Fayil ɗin da ya zo ya ba ni tsoro. Kowace waƙa da na taɓa dannawa tana ciki, da rana da sakan, tsawon lokacin da na ji ta, ko na tsallake, da wace waya, daga wace ƙasa. Akwai satin da aka yi min rasuwa, ban faɗa wa kowa yadda nake kwana ba, amma ga shi a rubuce, waƙa ɗaya ina ta maimaitawa ƙarfe uku na dare, kwana bakwai a jere. Kuma na tuna bayan nan wata guda cur waƙoƙin baƙin ciki manhajar take ta jero min, na daina kuka ita ba ta daina ba.

Ba wai abin sihiri ba ne, lissafi ne. Na'urar na duba waɗanda suka ji abin da ka ji, ta ga me kuma suke ji, ta miƙo maka. Haka jerin nan na manhajar waƙa ta Spotify mai waƙa 30 duk Litinin yake aiki tun 2015, kuma gaskiya irin wannan tsarin yakan dace, na tsinci mawaƙa masu kyau ta haka. Sai dai duk 'yan gida ɗaya ne, ƙanin wanda na sani, ɗan uwan wanda na sani. Matar nan ta cikin rediyo kam ko shekara ɗari zan yi ba za a kawo min ita ba, don babu abin da na taɓa dannawa da ya yi kama da ita. Na ce masa a 2021 ma an ba Spotify lasisin mallakar wata fasaha ta gane yanayin zuciyar mutum da shekarunsa daga muryarsa, kodayake kamfanin ya ce bai taɓa amfani da ita ba.

Baba ya jinjina kai. Ya ce su a zamaninsu watsawa kawai suke, ko mutum goma ne suka kama ko miliyan ba su sani ba, sai wanda ya ga dama ya rubuto wasiƙa. Ya ɗan buga rediyon da yatsa, "wannan kunne ce kawai, ba ta kai gulma."

Wata budurwa a kujerar gabanmu ashe tana jin mu. Ta juyo ta ce Yaya buɗe Bluetooth ɗinka. Waƙa ashirin da wani abu ta turo min daga memorinta, rabi babu suna, lambobi ne kawai, ita ma wata ƙawarta ce ta tura mata. Wannan ya tuna min da Christopher Kirkley, Ba'amurken da ya zauna wajen Kidal a arewacin Mali yana musayar waƙoƙi daga memorin wayoyin mutane, ya fitar da su a faifai a 2011 ƙarƙashin kamfaninsa na faifai, Sahel Sounds, ta nan ne mutane da yawa a waje suka fara jin Mdou Moctar na Nijar. Hannu zuwa hannu, babu akawun babu rajista.

Sauran daren barci ne da tsayawa a tashoshin da ban ga sunayensu ba. Baba ya sauka da asuba, kafin ya tafi ya karɓi tikitina ya rubuta "mita 31" a baya, wato wurin da tashar take a gajeren zango, ya ce wajajen ƙarfe ɗaya muka kama ta.

Tun da na dawo na ɗan canza. Ban goge manhajar ba, ƙarya zan yi in na ce na goge. Amma yawanci Radio Garden nake buɗewa, taswirar duniya ce mai ɗigon kore da aka ƙaddamar a Holan a 2016, ka juya ka sauka a tashar duk garin da ka ga dama ba tare da buɗe akawun ba. Ko NTS, tashar rediyon intanet wadda Femi Adeyemi ya kafa a Landan a 2011, inda mutane ne ke zaɓen waƙa da hannunsu. Waƙar da ta kama ni sai in saya a Bandcamp, shafin sayar da waƙoƙi, in sauke, in riƙa ji da manhajar VLC data a kashe. Na san duk abin da ya bi ta intanet yana barin sawu, wanda ya sayar min ya san na saya, amma bai san sau nawa na ji ba, bare da ƙarfe nawa.

Rediyo ma na saya. Dare huɗu ina zama bakin taga ƙarfe ɗaya ina murɗa mita 31, eriya a manne da gilashi yadda Baba ya yi. Na farko shuuu, na biyu wani mutum na ta dogon jawabi, na uku barci ya sace ni. Na huɗu na ji tsirkiya, can ƙasa-ƙasa, na kusa faɗowa daga kujera, sai namiji ya fara waƙa.