Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Azumin da Babu Masu Gaisuwa

Assalamu alaikum. A makon jiya na tsaya a daren da Allah Ya karɓi ran ɗana na fari, bayan mun sha yawo da shi a Adaidaita Sahun maƙwabcinmu, wannan asibiti a garƙame, wancan a leƙo ta taga a ce mu yi gaba. Ciwonsa ba ɓoyayye ba ne, sikila ce tun yana goye. Ruwa da jini yake buƙata. Amma a Kano ta ƙarshen Afrilun 2020, duk wanda aka kawo yana haki, korona ake gani a jikinsa.

Da hantsi aka yi masa sutura. Tun daren 16 ga Afrilu aka kulle gari, don haka sahun da ya sallace shi bai kai na sallar Azahar a masallacin layinmu ba. Da Malam, maigidana, ya dawo daga maƙabartar Dandolo, ya daɗe zaune bai tanka ba. Can ya ce, "Ba mu kaɗai ba ne. Kafin mu gama rufe namu an shigo da wasu, masu haƙa har sun galabaita."

Duk wadda ta taɓa zaman makoki ta san yadda yake. Tabarmi a ƙofar gida, mata cike da tsakar gida, kwanukan abinci na shigowa daga maƙwabta, wannan ta ce "ya haƙuri", kafin ki amsa wata ta yi sallama. A da nakan ɗauki abin a matsayin gajiya kawai. Ashe jama'ar nan su ke riƙe mai rashi har ƙafarsa ta tsaya. Mu ba mu samu wannan ba. Innata tana Funtuwa, an rufe iyakokin jiha tun ƙarshen Maris, sai ta waya ta yi mini gaisuwa, muryarta na yankewa. Ranar uku Malam ya aika da ɗan abin sadaka gidajen da ke kusa, shi ke nan.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo. Magana ta zaga unguwa cewa cutar ce ta kashe shi. Aka hana yara shigowa wajen Auta. Mai ruwa ya koma ajiye jarkoki a bakin zaure. Ban riƙe kowa a zuciya ba, tsoro ne, kuma kowa na da 'ya'ya. Amma ba zan manta da tsohuwar da muke katanga ɗaya da ita ba. Kullum gab da magariba sai ta taka turmi ta miƙo kofin kunun tsamiya ta ce, "'Yar nan, karɓi. Ya ƙarin haƙuri? Allah Ya ba ki dangana." Ita kaɗai ce ta yi mini gaisuwa ido da ido har wata ya ƙare.

An ɗauki azumi ranar Juma'a, 24 ga Afrilu. Ranar 27 Shugaba Buhari ya ƙara wa Kano kulle na mako biyu. Babu jam'i, babu asham, tafsiri sai a rediyo. Rediyon ma, da an gama labarai sai sanarwar rasuwa, ɗaya na bin ɗaya: malamai, farfesoshi, dattawan unguwanni, har Sarkin Rano a farkon Mayu. Nakan zauna in saurara har ƙarshe ina yi wa kowa addu'a, ina tuna cewa a bayan kowane suna akwai gida irin nawa da babu mai shiga.

Yinina kuwa ga yadda yake. In tashi sahur, hannuna ya auni shinkafa yadda ya saba, sai an zuba a ga saura. Bayan Asuba idona ya kai kan durowa inda magungunansa suke, don shekara da shekaru aikina na farko shi ne in tambaye shi ko ya sha. Tukunyar ruwan zafin da nake gasa masa gaɓoɓi in ciwon ya motsa tana nan a gindin murhu. Uwar mai sikila ba ta barci mai nauyi, kunnenta na ɗakin yaron. Har yau nakan farka tsakar dare ina sauraren nishi.

Malam ɗan Kantin Kwari ne, kasuwa kuma a rufe. Mutumin da bai taɓa yini a gida ba, ga shi a zaure daga safe har dare da carbi. Da aka sassauta kullen ranakun Litinin da Alhamis, daga ƙarfe 10 zuwa 4, yakan fita ya samo abin da ya sawwaƙa, farashi ya tashi, jari na ta zagwanyewa.

Kun san alkunyarmu a kan ɗan fari. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa jan shi a jiki gaban mutane ba, in an yabe shi nakan kau da kai. Haka aka raine mu. Ko a rasuwarsa, abin da ake jira daga gare ni shi ne kawaici. To da gida ya zama daga ni sai Malam sai Auta, babu wanda zan yi wa kara. Wani dare Auta ta ce, "Umma, wai Yaya ya san kina sonsa?" Na ce ya sani. Malam da ke jinmu daga ƙofa ya ce, "Wa ya kwana a kansa duk shekarun nan in ba ke ba?" A daren muka yi hirarsa har sahur, yadda yake son zama injiniya, yadda yake ɓoye ciwo don kada in tashi. Ban raina tarbiyyar iyayenmu ba, amma Auta kam yanzu ina gaya mata da bakina.

A watan Yuni ministan lafiya, Osagie Ehanire, ya ce bincike ya gano mutum 979 ne suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na birnin Kano a wancan tsakanin, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na da alaƙa da korona. Ɗana yana cikin sauran, waɗanda cutar ba ta taɓa ba amma ta tare musu ƙofar asibiti. Ma'aikatan lafiya da yawa sun kamu, na sani, kuma ajali ba ya wuce lokacinsa. Duk da haka ina ganin wajibi ne a tanadi inda za a kai mai sikila, mai naƙuda da mai hawan jini ko da gari a kulle yake.

Sallah ta zo ranar 24 ga Mayu, babu hawa, babu ziyara. Shaddar ɗan nawa da Malam ya ajiye tun kafin kulle, muka ba wani ɗalibin makarantar allon layinmu. Sai 1 ga Yuli aka buɗe hanyoyin jihohi, washegari Inna ta iso daga Funtuwa da ƙanwata, ta kuma zo da wata shawara da ta raba kan gidanmu biyu. A nan za mu tashi mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.