Mako na 7: kanwa daban, ƙanwa daban

'Yan uwa masu koyon JavaScript, barkanmu da warhaka. Wanda bai ga rahotona na baya ba, ga inda aka kwana: ina haɗa ɗan ƙaramin laburare, wato kod da kowa zai iya ɗauka ya sa a aikinsa, da zai sa akwatin nema a shafin intanet ya riƙa gane kalmar Hausa ko da mai rubutu bai sa ƙugiya ba. Dalili kuwa a gida yake. Mu nan Aboabo da Asawase, a Kumasi ta Ghana, yawancinmu ko a baki ba mu cika raba ƙ da k ba, balle a waya. Mutum zai rubuta "kwai", jerin kayan shago kuma "ƙwai" ne a ciki, sai shafi ya ce babu.

Da farko na zaci abin wasa ne. Duk inda na duba dabara ɗaya ake koyarwa: a kira normalize("NFD"), harafi ya rabu da alamar da ke kansa, a share alamar. A kan é na Faransanci tana aiki sarai. Na gwada a kan ƙ, ko gezau. Ashe a tsarin Unicode, mai ba kowane harafi lamba a kwamfuta, ƙ, ɗ, ɓ da ƴ kowanne harafi ne mai zaman kansa, ƙugiyar a jikinsa take, ba ɗora ta aka yi ba. ƙ lambarsa U+0199, ɗ kuwa U+0257. Dole na zauna na rubuta teburin musanya da hannu. Manyan haruffan dai ba su wahalar da ni ba, toLowerCase ya san Ƙ da Ɗ da Ɓ.

Kuskuren da ya fi ba ni kunya a ranar Talata ya fito. Na sa laburaren yana goge ƙugiya daga jerin kansa, ba daga kwafin da ake kwatantawa da shi kaɗai ba. Na gwada da jerin kalmomi, na nemi "ƙanwa", sai ga kanwa ta miyar kuka a sahun farko, ƙanwar mutum a ƙasa. Haka kaya da ƙaya, bata da ɓata. Yanzu rubutun asali ba a taɓa shi, kuma kalmar da ta dace harafi da harafi ita ke hawa sama, masu kama da ita su biyo baya.

Gwaje-gwaje 31 na rubuta da node:test, kayan gwajin kod da ke zuwa cikin Node tun siga ta 18, ba sai an sauke komai ba. Ban jingina laburaren da na kowa ba, da gangan. Ku tuna Maris 2016, da aka cire laburaren left-pad, layi 11 kacal, daga npm, rumbun kod ɗin JavaScript, manyan ayyuka irin su Babel suka tsaya cak. Ga kuma kuɗin data, kowane kilobait sidi ne a aljihun mai buɗe shafin.

Duk 31 suka wuce, na ɗora a GitHub da lasisin MIT, ina ta jin kaina a tiroto, motar hayarmu, har kasuwar Kejetia. Kwana 2 sai ga ƙorafi daga wani bawan Allah a Zinder: "'ya'ya" ba ta samun "ƴaƴa". Gaskiyarsa. A Nijar ƴ suke rubutawa, a Najeriya 'y, ni kuwa littattafan Kano na karanta, ko sau ɗaya ƴ bai zo raina ba sa'ad da nake rubuta gwaji. Bai tsaya a ƙorafi ba, ya aiko gyara tare da gwajinsa guda 4, har ya nuna mini cewa wasu wayoyi na lanƙwasa alamar nan ta 'y su mai da ita U+2019, kwamfuta kuma ba ta ɗauke su abu ɗaya ba. Na karanta layi-layi, na roƙe shi ya sauya sunan aiki ɗaya, ya sauya, na haɗe. Karo na farko ke nan da kod ɗin wani ya shiga nawa, kuma ya fi nawa tsafta.

Wuta ta ɗauke daren Alhamis, don haka takardar bayani tana nan rabi.

Saura ɛ da ɔ na Twi, su ma normalize ba ya taɓa su. Maƙwabcina yana so a saka, amma ɔ ɗin a waya wasu o suke bugawa, wasu c, wasu ma alamar rufe baka, ɛ kuma 3. Wanda Twi ya zauna masa a hannu, ya turo mini kalmomi 20 yadda mutane ke buga su da gaske, in fara da gwajin kafin in taɓa teburin.