Wasiƙa daga Nebraska kan injin ban ruwa mai auna wa kowane yanki rabonsa

Assalamu alaikum, 'yan uwa na gida.

Ina rubuto muku daga jihar Nebraska ta Amurka, inda gonaki suke shan ruwa daga wani dogon bututu mai tafiya a kan tayoyi, yana kewaya gona yana feshi kamar yayyafi. Wani manomi mai suna Frank Zybach ne ya ƙirƙiro shi a Kolorado, aka ba shi takardar mallakar fasahar a 1952. Wanda aka fi gani tsawonsa kusan mita 400 ne, yana shayar da kimanin hekta 50.

Sai dai gona ɗaya takan haɗa rairayi da laka, tudu da kwari, kuma idan aka ba su ruwa daidai wa daida, kwari zai jiƙe har taki ya zurare ƙasa, tudu kuwa yana fama da ƙishi. Dabara mafi sauƙi ita ce sauya saurin injin, ya sassauta inda ake buƙatar ruwa, ya hanzarta inda ƙasa take da danshi. Wadda ta fi burge ni ita ce ta sanya wa bakunan feshin bawul mai aiki da lantarki, kwamfuta tana buɗe su tana rufewa bisa taswirar da aka ba ta, tauraron ɗan'adam kuma yana nuna mata inda bututun ya kai. Rufe bakuna da yawa yana ƙara matsin ruwa a bututu, shi ya sa ake haɗa famfo da na'urar da ke daidaita gudunsa.

Abin da nake roƙon ku riƙe shi ne, duk aikin yana kan taswirar nan. Ana haɗa ta ne daga gwajin ƙasa, da na'urorin auna danshi da ake binnewa kusa da saiwa, da masu auna zafin ganye, domin shuka mai ƙishi ganyenta yakan yi zafi. Idan taswirar ta kuskure, injin zai aiwatar da kuskuren a kowane zagaye. A nan ruwan da ake tattali yawanci na Ogallala ne, taskar ƙarƙashin ƙasa da ta ratsa jihohi 8, wadda ta ja baya sosai a sassan Kansas da Texas. Don haka ɗalibanmu masu sha'awar fannin su fara ƙwarewa a awon ƙasa da danshi kafin su kai ga bawul da kwamfuta.

Naku,
Ɗan uwanku a Nebraska